Da wane ma'auni za mu auna littafin binciken 'yan sanda?

Malam Habibu, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Tunda an tsayar cewa daga wata mai kamawa kowa zai riƙa kawo sharhin littafi ɗaya cikin littattafan binciken 'yan sanda, gara mu daidaita ma'auni tun yanzu. Sharhi 3 da aka turo makon jiya duk hanya ɗaya suka bi: an zayyana labarin daga farko har ƙarshe, an faɗi wanda ya yi kisan, an rufe da cewa littafin ya yi daɗi. Wanda bai karanta ba an ɓata masa, wanda ya karanta kuma bai ƙaru da komai ba. Ga kuma wata wahalar: yawancin waɗannan littattafai jeri ne mai tsawo. Marubucin Amurka Ed McBain ya fara nasa a 1956, bai tsaya ba sai 2005, littafi sama da 50 a kan caji ofis guda. Masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba kuwa abin da ya zo a dila shi za su shimfiɗa, yau na 7, gobe na 31. To wanda ya tsinci na 31 shi kaɗai, yaya zai yi masa adalci?

Hajiya Rabi, Mile 12: Wa alaikumus salam Malam. Ni a ganina ba sharaɗi ba ne sai mutum ya karanta jerin duka. Sharaɗin shi ne ya faɗa mana a layin farko waɗanda ya karanta. Idan littafi na 31 ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai an jingina shi da 30 na baya, wannan aibi ne, kuma mai sharhin da ya shigo daga waje ya fi tsohon makaranci saurin ganinsa.

Zainab, Obalende: Anti Rabi, amma ai akwai abin da baƙo ba zai taɓa gani ba. Idan marubuci ya maimaita dabarar da ya yi a littafi na 12, sai wanda ya karanta na 12 ne zai gane an ɗumama masa tuwon jiya.

Hajiya Rabi, Mile 12: Gaskiyarki ƙanwata. To a ce aƙalla 3: na farko, ɗaya daga tsakiya, sai wanda ake wa sharhin. Da su za a ga inda jami'in ya faro da inda ya kai.

Baba Sufeto, Ijora: Ku bar ni in fara da abin da ya sa ake kiran littafin na bincike. A labarin jami'i mai basira shi kaɗai, mutum ɗaya ne yake zama ya yi tunani, ya nuna mai laifi. A littafin binciken 'yan sanda kuwa aikin gayya ne: wani ya killace wurin da aka yi laifin, wani ya bi gida-gida yana tambaya, wani ya jira likita, wani yana rubuta rahoto, shugaba yana matsa lamba saboda an matsa masa daga sama. Saboda haka abu na farko da mai sharhi zai yi shi ne ya ɗauki takarda ya ja layi 3. A na farko ya rubuta kowace hujja da aka samu. A na biyu, shafin da ta bayyana. A na uku, yadda aka same ta: tambayar maƙwabta ce, binciken gawa ne, bayanan waya ne, ko kuwa wani ne ya bugo waya haka kawai ya faɗa. Idan ka gama littafin, ka rufe babi na ƙarshe da hannu, ka duba takardarka. Shin abin da ke ciki ya isa a kama wanda aka kama? In ya isa, marubucin ya yi aikinsa. In sai da wata hujja ta faɗo daga sama a shafuka 10 na ƙarshe, ya yi wa mai karatu zamba, komai kyawun alƙalaminsa.

Sannan ka ƙirga sa'a. Bincike na gaske yana da sa'a a ciki, kowa ya sani. Sau ɗaya a littafi ana yafewa, musamman in ta zo bayan an sha wahala. Sau 3 kuma marubuci ne ya rasa mafita.

Malam Habibu, Agege: Allah ya ƙara girma Baba. Wannan takardar mai layi 3 mun ɗauke ta.

Barista Ladidi, Ikeja: Baba ya kawo tushe. Zan ɗora abu ɗaya wanda nake ganin nan ne masu sharhi suka fi zamewa: kowane littafi ana auna shi ne da dokar ƙasarsa da ta shekararsa. Kafin ka buɗe babi na 1, rubuta abu 2 a saman takardar: ina labarin yake, kuma a wace shekara.

Ga dalili. Gargaɗin nan da 'yan sandan Amurka suke karanta wa wanda suka kama, cewa yana da ikon yin shiru da neman lauya, ya samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar a shari'ar Miranda, 1966. Littafin da aka rubuta a 1958 in babu wannan gargaɗin ba kuskure ba ne. Wanda aka kafa a 1990 in babu, sai marubuci ya nuna mana abin da hakan ya jawo a kotu. A Ingila kuma dokar 1984 ce ta tsara tsarewa: awa 24 kafin a tuhumi mutum ko a sake shi, babban jami'i na iya ƙarawa zuwa 36, kotun majistare na iya kaiwa har 96. Marubutan Ingila na kirki da wannan agogon suke riƙe numfashin mai karatu, kana ganin awanni suna ƙarewa hujja ba ta haɗu ba. Sikotland kuwa tsarinta daban ne da na Ingila duk da ƙasa ɗaya suke: akwai ofishin mai gabatar da ƙara da ke da hannu a binciken mutuwar da ake shakka, kuma a ƙa'idarsu hujja daga tushe ɗaya ba ta isa a kama mutum da laifi ba, sai an samu ta biyu mai ƙarfafa ta. Wanda zai yi sharhin littattafan Ian Rankin, da aka kafa a Edinbura, bai san wannan ba, zai yi ta mamakin me ya sa jami'in bai huta ba bayan mai laifi ya amsa da bakinsa.

Haka ilimin kimiyya. Gwajin DNA bai kai ga ɗaure mai kisa ba sai a ƙarshen shekarun 1980, a Ingila, bayan binciken Alec Jeffreys na jami'ar Leicester a 1984. Kada wani ya zargi jami'in 1970 da rashin aika gashi ɗakin gwaji don a fitar da sunan mai shi.

Hajiya Rabi, Mile 12: Barista, duk na yarda, amma ina jin tsoron kada sharhinmu ya koma takardar jarrabawar lauyoyi. Akwai littafin da ba za ka kama shi da kuskure ko ɗaya ba, amma ka kai shafi na 80 ba ka damu da ko an kama mai laifin ko ba a kama ba. Gawar ma ba a ba ta uwa ba, ba a ba ta bashi ko buri ba, lamba ce kawai a mutuware. Ni wannan ya fi mini ciwo a kan a ce an tsare mutum awa 30 maimakon 24.

Barista Ladidi, Ikeja: Hajiya, ban musa ba. Kuskure iri 2 ne. Akwai na ado, kamar a ba jami'i muƙamin da babu shi a wannan rundunar, ko a sa ofis a titin da ba nan yake ba. Wannan layi ɗaya ya ishe shi a sharhi, ko ma a ƙyale. Akwai kuma kuskuren da ginin labarin yake zaune a kai. Misali, jami'i ya fasa gidan mutum ba takardar izinin kotu, ya ɗauko wuƙa ya sa a aljihunsa, ya kwana da ita a gida, kuma da wannan wuƙar aka ɗaure mutumin ba tare da lauyan da ke kare shi ya ce uffan ba. Idan ka zare wannan, littafin ya rushe. Irin wannan dole a faɗa, domin alkawarin da littafin ya yi wa mai karatu shi ne zai nuna masa yadda aikin yake tafiya.

Hajiya Rabi, Mile 12: To a haka na yarda. Amma a sa tambayata ita ma cikin ma'aunin: wane ne mamacin, kuma wa ya yi kukansa?

Dakta Nura, Idi-Araba: A sa, Hajiya. Ni kuma ga inda za a sa ido a babin likita, domin nan ne marubuta suka fi yin ƙarya ba su sani ba.

Duk likitan da ya durƙusa kan gawa ya ce "ya mutu ƙarfe 11 da kwata" ƙarya aka sa a bakinsa. Tazara ake bayarwa, ta awanni. Abin da ake dubawa: sandarewar gawa, wadda takan fara bayan awa 2 zuwa 6, ta game jiki wajen awa 12, ta sake bayan kwana ɗaya da rabi zuwa 2. Sai kwanciyar jini a ɓangaren jikin da ke ƙasa, wadda takan kafu bayan awa 8 zuwa 12. Idan aka tsinci gawa a rigingine amma jinin ya kwanta a ƙirji da ciki, an juya ta ko an ɗauko ta daga wani wuri. Sai sanyin jiki. To duk waɗannan alƙaluman na ƙasashe masu sanyi ne. Jikin ɗan Adam yana wajen digiri 37. A Siwidin ko Sikotland tazarar da ke tsakaninsa da iska babba ce, ana iya lissafi da ita. A Legas da rana iskar kanta tana kai 30 ko fiye, tazarar ƙarama ce, lissafin ba ya riƙewa. Zafi kuma yana gaggauta komai: sandarewa ta zo da wuri ta wuce da wuri, ruɓewa ta fara da wuri, ƙudaje su iso cikin mintuna. Gawar da ta faɗa ruwan lagun mai ɗumi tana tasowa da sauri fiye da wadda ta faɗa tafki mai ƙanƙara. Marubucinmu da ya kwafo alƙaluman littafin Turai ya dasa su a Makoko ya yi kuskure irin na biyu da Barista ta faɗa, in har da lokacin mutuwar aka wanke wani ko aka kama wani.

Sai sakamakon gwaji. Binciken gawa kansa aikin 'yan awanni ne. Gwajin guba da na DNA su ne masu ɗaukar kwanaki ko makonni, saboda layi da kuɗi da kayan aiki. Littafin da sakamako ke dawowa kafin la'asar daga talabijin ya koyo.

Zainab, Obalende: Dakta, to jiran ba zai sa littafin ya yi sanyi ba?

Dakta Nura, Idi-Araba: A hannun gwani jiran shi ne naman labarin. Littafin farko na jerin jami'in ɗan sanda Martin Beck, wanda Maj Sjöwall da Per Wahlöö suka fitar a Siwidin a 1965, an tsamo gawar mace daga ruwa, aka shafe watanni ba a ma san sunanta ba. Wasiƙu ake aikawa ana jiran amsa. Kuma ba ka iya ajiye shi, saboda kana ganin yadda rashin sanin yake cin jami'an.

Malam Habibu, Agege: Tunda an ambaci Beck, mu shiga maganar jeri kanta, wadda ita ce ta sa na buɗe zancen. Marubucin jeri yana da zaɓi 2 game da shekaru, kuma mai sharhi ya kamata ya gane wanne aka ɗauka. McBain ya kusan daskarar da mutanensa: duniya ta tashi daga keken rubutu zuwa kwamfuta, su kuwa tsufansu kaɗan ne cikin shekara 49. Ribar ita ce kana iya shiga ta kowace ƙofa. Asarar ita ce abin da ya faru a wani littafi ba ya barin tabo sosai a na gaba. Rankin ya ɗauki ɗaya hanyar: jami'insa Rebus ya fito a 1987, yana tsufa shekara da shekara, har ya cika 60 ya yi ritaya a littafin 2007. Da aka dawo da shi a 2012 sai da aka nemo masa wata kafa, sashen tsofaffin shari'o'in da ba a warware ba, a matsayin farar hula. A 2013 kuma aka haɗe rundunonin Sikotland 8 zuwa guda, dole littattafan suka bi. Sjöwall da Wahlöö su kuma tun farko suka yanke 10, daga 1965 zuwa 1975, suka tsara su kamar dogon littafi ɗaya a kan al'ummarsu.

Alamomin gajiyar jeri kuwa sanannu ne. Na farko, rayuwar gidan jami'in ta cinye binciken. Ka ƙirga babi, in fiye da kashi ɗaya cikin 3 na rigimar aure ne da kwalba, an bar aiki. Na biyu, laifin ya riƙa kusantowa: a littafi na 3 baƙo aka kashe, a na 14 an sace 'yar jami'in, a na 18 abokin aikinsa ne mai kisan. Marubucin da ya kasa sa mu damu da baƙo shi ne yake jawo wuƙar cikin gida. Na uku, kowa a caji ofis ya zama laƙabi ɗaya: mai barkwanci, mai ci, shugaba mai tsawa, ana gabatar da su da jimla ɗaya tun littafi na 2. Akwai kuma yawan gawa. Inda a da mutuwa ɗaya ta ishi shafi 250, yanzu sai 7.

Zainab, Obalende: Malam, ni akwai alama ta biyar da ta fi damuna, kuma ban ga masu sharhi suna taɓa ta ba. Jami'in da ke marin wanda ake zargi, ya yi wa shugabansa ƙarya, ya tsallake doka, kuma kullum a ƙarshe shi ne mai gaskiya. Littafi 20 ana koya wa mai karatu cewa doka ce take hana kama ɓarawo. Mu da muka ga abin da ya fito da matasa kan titunan garin nan a Oktoban 2020, wato zanga-zangar EndSARS a kan zaluncin 'yan sanda, bai kamata mu wuce wannan shiru ba.

Baba Sufeto, Ijora: 'Yata, kin faɗi magana. Kuma ko ta fuskar aikin kanta, duka ba ya fitar da gaskiya, yana fitar da abin da mai dukan yake son ji. Mutum zai amsa laifin da bai yi ba don a sauke shi, a rufe fayil, mai laifin na gaske yana yawo a Oshodi. Ba na cewa kada marubuci ya nuna jami'i mai duka, akwai su. Tambayar mai sharhi ita ce: littafin ya nuna farashin? An taɓa dukan marar laifi? Shari'a ta taɓa rushewa saboda haka? In ba a taɓa ba cikin jeri duka, marubucin ya ɗauki ɓangare, sai a faɗa a sharhi a fili.

Barista Ladidi, Ikeja: Wannan ya kawo mu gida, domin cikin littattafan da za a yi wa sharhi akwai na marubutanmu na intanet da suke kafa labarinsu a Legas da Hausa. Ga abin da za a duba.

Kisan kai ba ya ƙarewa a hannun DPO. Caji ofis na unguwa ne ke fara karɓar rahoto, a killace wuri, a ɗauki bayanan farko, sannan a miƙa fayil da wanda ake zargi ga sashen binciken manyan laifuka na jiha da ke Panti, Yaba. Alagbon da ke Ikoyi na rundunar tarayya ne, ba a haɗa su. Kotun majistare ba ta da hurumin shari'ar kisa. Abin da take yi shi ne ba da umarnin a tsare mutum a gidan gyaran hali, a aika kwafin fayil ofishin daraktan gabatar da ƙararraki na ma'aikatar shari'a ta jiha don ya ba da shawara, in ya ga akwai tuhuma sai a tafi babbar kotu. Labarin da majistare ya yanke hukuncin rataya a mako guda ya faɗi. Kuma dokar laifuka ta Jihar Legas ta 2011 ake amfani da ita a nan. Marubucin da ya taso a Kano yakan kawo sassan Final Kod, wadda ta Arewa ce, ya sa a bakin lauyan Ikeja.

Bayanin amsa laifi: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Legas, sashe na 9, ta ce a ɗauke shi a bidiyo, in babu na'ura a rubuta shi a gaban lauyan da mutumin ya zaɓa. In ya zo kotu ya ce tilasta masa aka yi, sai a tsaya a yi wata ƙaramar shari'a a cikin shari'ar don a gano ko da son ransa ya faɗa. Ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Wannan babi ne guda mai zafi da marubutanmu suke bari a ƙasa.

Zainab, Obalende: Anti Barista, maganar awa 24 fa? Ana cewa dole a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya.

Barista Ladidi, Ikeja: Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ne: kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40, kwana 2 in babu. Amma a kula, ƙaramin sashe na 7 ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙa'idar. Don haka kada mai sharhi ya yi saurin cewa marubuci ya yi kuskure don an wuce kwana ɗaya da wanda ake zargi da kisa. Ikon yin shiru har sai ya ga lauya kuwa yana nan a ƙaramin sashe na 2, ga kowa.

Dakta Nura, Idi-Araba: In ƙara 2. Legas tana da dokar binciken musabbabin mutuwa tun 2007, kuma a ƙarƙashinta mutuwar da ake shakka sai an bincika gawa. Ga iyalin Musulmi da ke son a yi sutura kafin azahar, ga jami'i da ke son a kai gawa mutuware a asibitin koyarwa na Ikeja, ga Sarkin Hausawan unguwa an kira shi ya sa baki. Wannan taƙaddamar babu ita a littafin Siwidin, tamu ce, kuma in aka binne ba bincike, rabin hujjar ta tafi ƙasa. Marubucin da ya tsallake ta a labarin Agege ya tsallake gaskiyar wurin. Na biyu, cibiyar gwajin DNA ta jiha an buɗe ta a 2017 a Tsibirin Legas, aka lalata ta a tarzomar Oktoban 2020. Shekarar labarin ce za ta nuna ko jami'in yana da inda zai kai samfur.

Baba Sufeto, Ijora: Da waya. Layin GSM ya shigo ƙasar nan a 2001, labarin 1998 ba shi da bayanan kira. Kuma turken sadarwa yanki yake nunawa, ba ɗaki ba. A wuri mai cunkoso irin Mushin yankin nan gidaje ne masu ɗimbin yawa. Sai a duba hanya ma. Jami'in da ya tashi daga Panti ƙarfe 5 na yamma ranar aiki ya isa Alaba Rago cikin minti 20, marubucin bai taɓa bin titin Badagry ba.

Hajiya Rabi, Mile 12: To Malam Habibu, saura tsawo da maganar tona asiri.

Malam Habibu, Agege: Kalma 600 zuwa 800. A ba da labari iya kashi ɗaya cikin 4 na farkon littafin, inda aka tsinci gawa aka fara bincike, daga nan a tsaya. In kuskuren da ya rusa labarin yana ƙarshe, a faɗi irinsa ba tare da suna ba, misali "hujjar da aka kama mutumin da ita ba ta bayyana ba sai a babi na ƙarshe". A kula da asirin littattafan baya ma: in abokin aikin jami'in ya mutu a na 9, mai sharhin na 15 ya sa gargaɗi a sama kafin ya ambata. Takardar Baba mai layi 3 a ɗauki hotonta a turo daban, ga waɗanda suka gama karantawa kawai.

Zainab, Obalende: Ni zan ɗauki na farkon Beck. Amma fassarar Turanci ce a hannuna, ba harshen Siwidin ba. In yi maganar salo?

Malam Habibu, Agege: Ki rubuta sunan mai fassarar da shekarar bugun a sama, suna shafin haƙƙin mallaka. Zubi da tsarin bincike na marubutan ne, ki auna su kai tsaye. Daɗin jimla ko nauyinta kuwa ki ce "a wannan fassarar". Ki turo kafin 10 ga wata, Barista da Dakta su duba ɓangarensu kafin a saka.